Furen Ɗorawa a Dajin Kausani

'Yan'uwana mata, da yawanmu mun ɗauka sai ruwa ya sauka daji ke yin ado. To a Kausani ta ƙasar Wudil, tun cikin zafin bazara ɗorawa ke fara kwalliyarta.

Gwaggona ce ta yi mana jagora, da sanyin safiya muka bi ta bayan gonaki. Tun daga nesa na hango wasu jajayen abubuwa na lilo a reshe kamar tuntun hula, ƙudan zuma sai kewaya su suke. Na ce, "Gwaggo, wane ne ya rataya waɗannan?" Ta yi dariya ta ce, "Kayya 'yar nan, ai furen ɗorawa ne! Daga nan kalwa ke fitowa, daddawar da kike yi wa yanga." Da dare kuma jemagu ne baƙinsa. Wallahi na daɗe a tsaye ina kallo.

Kuka kuwa tsirara take, ba ganye ko ɗaya. Gawo ne ya yi kore shar, shi da sai damina ta kama yake zubar da nasa, gero ya samu rana da taki a gindinsa. Darbejiya da ta cika ko'ina baƙuwa ce, asalinta Indiya.

Muna komowa muka wuce kututture uku, saran gatari bai ko bushe ba. Gwaggo ta dafa ɗaya ta ce ƙirya ce, an kai ta gawayi. A inuwarta suke hutawa in sun je itace suna 'yan mata.