Awa ɗaya a tsakar gidan yari

Ɗan yayata ya fara shan tramol ne a gonakin masara na Bakori, ba a majalisar zauna-gari-banza ba. Ƙwadago yake yi, ana biyansa gwargwadon kunyar da ya huɗe, ƙwayar kuwa tana ɗauke masa gajiya har la'asar. Daga baya ta ɗauke masa hankali, ya saci buhun taki, alƙali ya yanke masa wata tara.

Da na ziyarce shi karon farko, na tarar ya rame, hannuwansa na karkarwa. "Kawu, ba na barci," in ji shi, "ƙafafuna sai zogi." Saurayin da ya saba yini da garma an zaunar da shi cikin cunkoso, ba abin yi sai begen ƙwaya.

Ƙa'idojin Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun tanadar wa fursuna aƙalla awa ɗaya ta motsa jiki a sarari kowace rana. A 2019 kuma Najeriya ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali. Ni dai sauyin suna bai taɓa burge ni ba. Abin da ya burge ni wani gandiroba ne mai furfura, wanda ya samo tsohuwar ƙwallo, ya riƙa fitar da su da hantsi suna bugawa har gumi ya jiƙe su.

A ziyara ta uku yaron ya ce barci ya dawo, abincin ma ba ya isarsa.

Ba zan ce ya warke ba. An sake shi gab da damina, masu gona sun fara neman 'yan ƙwadago, mai sayar da ƙwayar kuma yana nan inda ya bar shi.