Matambayi Ba Ya Ɓata, Amma Yakan Ɓata Rai

A watan Satumba na 1976 aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya, wato Yu-fi-i. A lokacin ne aka tura wani saurayin malami koyarwa a wani ƙauye na ƙasar Dambatta, inda gona ke manne da gona, ba a barin ko taku ɗaya ta huta, sai dai a yi ta kai mata taki a mangala. An haɗa shi da wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu wanda ba ya jin Hausa, domin su rubuta sunayen yara. Malamin shi ne tafinta.

Ran nan da hantsi, ana cikin girbin gero, wani dattijo ya kawo ɗansa gindin ɗorawar da suka kafa tebur. Baƙon bai ko ɗago kai ba ya jefa masa tambaya: "What is your name?" Malamin ya fassara ta yadda ta zo, ya ce, "Baba, wai yaya sunanka?" Dattijo ya dube shi shekeƙe, sa'an nan ya faɗa da ƙyar. Da aka zo kan sunan yaron kuwa, sai ya sunkuyar da kai ya yi gum. Baƙo ya fusata, a zatonsa ƙin boko ne, har ya ce a kai ƙara wurin dagaci.

To, abubuwa biyu ne suka ɗaure bakin dattijon. Na farko, a wancan zamani haraji na nan daram, domin sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi a Jihar Kano, saboda haka talaka bai san alherin shigar suna cikin littafi ba. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, yaron ɗan fari ne, sunan kakansa kuma aka sa masa. Bahaushe yana alkunyar sunan ɗan fari da na mahaifi, kamar yadda mace ke alkunyar sunan mijinta. Wannan ne ya haifar da irin su Abba da Baffa da Ummi. Malamin ya san haka sarai, amma ɗokin nuna ya iya Turanci ya mantar da shi. Sai da wani maƙwabci ya raɗa masa sunan aka rubuta. Dattijo ya miƙe, ya ce, "Malam, kai ma?" Ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Wannan gajeriyar magana ta hana malamin barci. Da ya bi diddigi a littattafansa, sai ya tarar ashe Turancin ma yana da nasa ladabi. Jimlar da aka yi musu hadda da ita a aji ba ta da aibi a nahawu, amma yaro ake yi wa ita, ko wanda ake tuhuma. Mai neman sunan babba cewa yake yi, "May I have your name, please?" ko "May I ask your name?" wato izini ya nema, bai ba da umarni ba. In an faɗa bai ji ba, sai ya ɗora laifin a kansa: "Sorry, I didn't catch your name." Mafi kyau duka shi ne ya fara faɗin nasa, ya bar abokin magana ya rama. Wannan bai yi nisa da hanyar Bahaushe ba, wanda sai ya yi sallama, ya tambayi gida da aiki da ruwa, kana ya ce, "Gafarta Malam, ko da wa nake tare?"

Washegari bayan la'asar malamin ya sayi goro, ya je zauren dattijon ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini." Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Ba kome, yaro. Gobe Abba zai zo."

Tun daga ranar, duk ajin da ya shiga, kafin ya koya wa yara tambayar suna da Turanci, sai ya fara tambayarsu wa za su tambaya. Allah ya sa mu dace, amin.