Kuɗin Koshin: Ajiyar Da Take Wuyar Dawowa

Yau ina so mu tattauna a kan wani kuɗi da kusan kowannenmu ya taɓa biya a Legas, amma ƙalilan ne suka sake ganinsa, wato kuɗin koshin. Bayan kuɗin haya da na ejan da na lauya, sai mai gida ya ce ka ajiye wani abu saboda ko za ka yi masa ɓarna, ranar da za ka tashi ya mayar maka. Haka dai ake faɗa da baki.

Mu 'ya'yan 'yan kasuwa mun taso mun ga iyayenmu suna harka da amana. Mahaifina albasa yake sayarwa a Mil 12, kuma a gabana an sha sauke masa mota guda daga Aliero ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba, domin kowa ya san kowa, wanda ya ci amana kuma kasuwa ce za ta hukunta shi. To amma mai gidan haya ba ya cikin wannan zumunci. Ba ya jin kunyar dattawanmu, kuma ya san idan ka ɗaure kayanka ka nufi Arewa, da wuya ka biya kuɗin mota ka dawo saboda naira dubu 100.

Abin da ya faru da wani ɗan ɗakin mahaifina ke nan a Agege. Shekara 3 ya yi a ɗaki ciki da falo, da zai koma gida ya yi aure sai ya nemi ajiyarsa. Mai gidan ya zagaya ɗakin, ya nuna tsagewar bango, ya nuna ƙofar banɗaki, ya ce ai shi ne ma yake bin bashi. Wallahi tsagewar nan da ita ya tarar, ni na taya shi shigar da kaya. Amma ina shaida? Ejan ɗin da ya karɓi kuɗin kuwa wayarsa a kashe. Kada wani ya ce halin wata ƙabila ne, domin akwai namu masu gidaje a Idi-Araba da suke yin fiye da haka.

Da zan kama nawa ɗakin, sai na ce da mahaifina, "Baba, a bar ni in yi irin ta 'yan boko." Ya yi dariya ya ce in gwada. Na ƙi miƙa tsabar kuɗi, ta banki na tura zuwa asusun mai gidan da kansa, na kuma sa aka ba ni rasit biyu, na haya daban na koshin daban. A takardar yarjejeniya na nemi a rubuta adadin ajiyar, da abin da za a iya cirewa daga ciki, da kwanakin da za a mayar da ita bayan na miƙa makulli. Ranar shiga na ɗauki hoton kowane lungu, har da abin da mitar wuta take nunawa, na tura masa ta WhatsApp domin kwanan wata ya zauna a wayarsa da tawa. Ya ɓata rai ya ce ban yarda da shi ba, na ce, "Ranka ya daɗe, mutuwa nake tsoro, kada magada su yi rigima." Nan ya sa hannu.

Ba roƙo ba ne wannan. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta wa mai gida ba da rasit, ta hana shi karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma ce mai hayar shekara a ba shi notis na wata 6 idan ba a rubuta wani wa'adi ba. Sai dai ta ware Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA. Idan magana ta ƙi, akwai cibiyar sasanta jama'a da gwamnatin jihar ta buɗe a 1999, inda ake zaunar da mai gida da ɗan haya kyauta. A 2018 kuma aka kafa kotun ƙananan basussuka, wadda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Duk wuraren nan abin da za su fara tambayarka shi ne takarda.

Wasu suna cewa mafita ita ce ka cinye ajiyar, ka ƙara wata biyu a ɗakin ba biya. Ni ban goyi bayan haka ba, domin ka ba shi hujja a kanka, kuma gobe ɗan uwanka ne zai je neman ɗakin a ce ba a ba Bahaushe. Gara a yi zagayen ɗaki tare da shi tun saura mako biyu ka tashi, a gaban shaidu biyu, ɗaya naka ɗaya nasa. Idan tafiya ta matsa, ka rubuta wa wani amintacce wakilci, ka kuma sanar da fadar Sarkin Hausawan unguwarku, don mai gidan ya san akwai wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ko kana Sakkwato.

Nawa wa'adin bai cika ba tukuna. Takardun suna cikin leda a akwatin Baba, ƙarƙashin littafin bashinsa.