Akwatin Wufa Tsakanin Danshin Manchester da Ranar Kano

Wanda bai zauna a arewacin Ingila ba zai yi mamaki in aka ce masa ruwan saman da ke sauka a Manchester a shekara bai ɗara na Kano da wani abin a zo a gani ba. Rabon ne ya bambanta. Namu yakan zo da ƙarfinsa daga Yuni zuwa Satumba, ya yi aikinsa ya ɗauke, rana ta fito ta busar da komai. Nasu yayyafi ne marar gajiya daga farkon shekara har ƙarshenta, ga sanyin da ba ya barin abu ya bushe. Har a kan katakon da ake haɗa akwatin wufa da shi, babbar sifikar nan mai gunji da samari ke girkawa a but ɗin mota, wannan bambanci yana da ta cewa.

A nan Manchester, in ka je wurin masu haɗa sauti a mota, ba za su fara da maganar katako ba. Takardar sifikar za su nema, domin a ciki kamfani ya rubuta yawan iskar da take bukata a bayanta. Lissafin ya samo asali ne daga aikin wasu injiniyoyi biyu a Ostareliya, Neville Thiele da Richard Small, wanda Thiele ya fara wallafawa a 1961. Wufa mai inci 12 a rufaffen akwati takan nemi wajen lita 30, wata ƙasa da haka, wata sama. Iskar da aka kulle a ciki ita ke riƙe fatar sifikar, ta mayar da ita mazauninta bayan kowane bugu. Ke nan akwatin rabin kayan kiɗan ne. In bangonsa na rawa, ya saci ƙarfin da ya kamata ya isa kunne. In akwai 'yar kafa, sai ka ji fito da huci a ƙarƙashin waƙa.

Shi ya sa suka raja'a a kan MDF mai kaurin milimita 18. Zaren katako ne da aka niƙa, aka cuɗa da gam, aka danne da zafi har ya zama allo. Ba shi da ƙulli, ba shi da rami a ciki, ba ya kantarewa, kuma in ka ƙwanƙwasa shi ba ya amsa amo. Ga araha. Aibinsa biyu ne: nauyi, don cikakken allo ɗaya ya kusa kilo 40, da kuma ruwa.

Ruwan da ke kashe akwati a nan ba a ganin shigarsa. Mota ta kwana a waje cikin sanyi, ƙarfen but ya yi gumi ta ciki. Robar murfi ta tsufa, ɗigo ya riƙa taruwa a ramin tayar ko-ta-kwana. A jefa jiƙaƙƙiyar lema, ko takalman da suka taka ciyawa, ko kare ya dawo daga yawo. Na ga wani akwati da aka ciro daga mota a wani gareji kusa da unguwarmu. Kafet ɗin da aka lulluɓe shi da shi lafiya lau, ko tabo babu. Da mai garejin ya kifa shi ya ɗaye gindin, sai ga bakin allon ya kumbura ya kusa ninka kaurinsa, yana marmashewa a yatsa kamar burodin da aka tsoma a shayi. Sukurorin da suka riƙe kusurwa da hannu ya zare su. MDF in ya sha ruwa ya kumbura, ko an shanya shi ba ya komawa yadda yake.

Don haka mai aikin kirki a nan yakan ɓata lokaci a wurin da ido ba ya kaiwa. Fuskar allon a danne take, ba ta cika shan ruwa ba. Bakin da zarto ya yanka shi ne mai ƙishirwa, shi ake fara shayarwa, da gam ɗin katako da aka tsinka da ruwa kaɗan, ko banish, shafa biyu ko uku, ana gogewa da samfefa a tsakani. Haɗin kusurwa kuwa gam ne ke riƙe shi, irin mai jure danshi da suke wa lamba D3 ko D4. Sukuru aikinsa ya matse har gam ya kama, kuma sai an fara huda masa hanya, in ba haka ba allon ya tsage. A ciki a bi kowace kusurwa da silikon. Wasu su shafe cikin gaba ɗaya da ruwan faiba, irin wanda ake gyaran jirgin ruwa da shi, ko efoksi in aljihu da nauyi. A waje, maimakon kafet mai riƙe danshi, da yawa yanzu suna fesa baƙin fentin roba da ake yi wa bayan a-kori-kura. Akwai kuma haƙurin da ake yi da silikon: irin mai warin tsami yana fitar da tururin asid sa'ad da yake bushewa, saboda haka akan bar akwatin a buɗe aƙalla kwana guda kafin a ɗaura sifika.

Wanda ba ya son MDF sai ya koma filawud na itacen birch, wanda a kaurin milimita 18 yake da falle 13 a manne, kowane ya gicciye ɗan'uwansa. Ya fi sauƙin ɗauka, ya fi riƙe sukuru, kuma in ya jiƙe yana da dama-dama. A da, mafi yawansa daga Rasha yake zuwa, sai kuma Finland da Latbiya. Da aka sa wa Rasha takunkumi a 2022 saboda yaƙin Yukren, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne filawud ɗin jirgin ruwa, mai lamba BS 1088, wanda ake ambatonsa da girmamawa a shagunan nan. Galibinsa da itacen okume ake yi, daga dazukan Gabon, nan maƙwabtan Kamaru. Shi ma ba wai itacen ne ba ya ruɓewa ba. Gam ɗin da ya haɗa fallayen ne ba ya saki a ruwa, don haka shi ma sai an shafe shi.

A Kano kuwa tambaya ɗaya kafinta zai yi maka: inci nawa ce? Ya ɗora sifikar a kan allo, ya zagaye ta da fensir, ya yanke. Girman akwatin kuma wurin da za a ajiye shi ne zai faɗa, ko bayan kujerar adaidaita sahu, ko saman motar mai tallan maganin gargajiya. A buga ƙusa, a manna kafet da Evo-Stik, a sa ƙarfe a kusurwa don kyau. In ka tambaya ko ba za a shafa masa wani abu ba, sai ya ce, "Haba Alhaji, ruwa zai shiga ya yi iyo? Wannan har jikanka sai ya gada."

Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba. Mai sayen ba zaƙin sauti a cikin mota yake nema ba, so yake a ji shi daga wancan layin kasuwa. Kuma abokan gaban katako a wurinmu daban ne. Akwai zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin da ya yini a rana. A lokacin ne gam ɗin kafet ke narkewa ya saki. Akwai hunturu, wanda ke zuƙe ɗan ruwan da ya rage a jikin itace. Falankin afara ko obece da aka kawo ɗanye daga kudu, a yi akwati da shi a watan Agusta, kafin Janairu ya tsuke, haɗin ya buɗe har kana hango haske. Akwai gargadar hanya, wadda ke sassauta ƙusa a hankali, da ƙura, da gara ga wanda ke ajiye akwatinsa a ƙasa. Maganin garar da aka saba, baƙin man inji, bai dace da wannan aiki ba: gam ba ya kama katakon da ya sha mai, ga wari in mota ta ɗau zafi.

Sai dai cewa ruwa ba ruwansa da mu, wannan kuskure ne. Adaidaita sahu a buɗe take ta gefe biyu duk damina. Yaran wankin mota da bokiti suke aiki, ba sa tambayar abin da ke cikin but. Ga MDF ya cika kasuwannin katako saboda masu kabad da gado, ragowarsa kuma ita ke komawa akwatin sifika, bakinsa a buɗe yadda zarto ya bar shi. Ana kuma yanka shi ba takunkumi a hanci, alhali ƙurarsa mai laushi ce ƙwarai, haɗe da gam mai sinadarin fomaldihaid. A Manchester ba mai yarda ya shaƙe ta.

In ni za a yi wa akwati a gida, filawud mai kauri zan zaɓa, wanda in an duba bakinsa ba a ga ramuka tsakanin fallaye ba. Shi ya fi jure jijjiga da sauyin yanayi. Daga wajen mutanen nan abu biyu kawai zan aro, duba takardar sifika kafin a yanka allo, da shafe baki kafin a sa kafet. Na farko kyauta ne, na biyu ƙaramin gwangwanin gam ɗin Top Bond da ɗan banish sun isa. Efoksi da fentin fesawa na bar musu. Su ma akwai abin da suka rasa: ladan aikin hannu ya yi tsadar da akwati in ya kumbura sai bola, alhali kafintanmu zai cire gindin da ya lalace ya sa wani kafin la'asar. Abin da zan roƙe shi ya ƙara shi ne ya yanko roba huɗu daga tsohuwar taya ya ɗaura a ƙasa, don akwatin ya ɗan tashi daga daɓen mota, ruwan wanki ya bi ta ƙarƙashinsa ya wuce.