Kallabin 'Yar Tsana

Kwanakin baya wata yarinya a nan Sabo, Ibadan, ta nuna mana ɗaurin kan 'yar tsanarta ta ce "gele". Muka tambaye ta sunansa da Hausa, ta yi shiru. Abin ya tsaya mana a rai.

Ranar Asabar muka raka iyayenmu mata kasuwar Gbagi, aka sayo guntayen atamfa da shadda, da zare da allura. Telolin unguwa ma suka ba mu ƙyallaye kyauta. Mata suka zauna da yara ana ɗinki ana faɗa musu: wannan zani, wannan mayafi, wannan kallabi.

Da yake ruwan farko ya sauka, ƙura ta kwanta, ciyawa ta tsiro, da la'asar muka jera 'yan tsanar a gindin mangwaro muka ɗauki hotuna da waya. Sai mutum ya durƙusa daidai tsayinsu hoton ke yin kyau.

Yarinyar nan yanzu "kallabi" take cewa, ba sai an tuna mata ba. Duk mai ragowar yadi a gida, don Allah ya kawo ofishin ƙungiya kafin Asabar mai zuwa.