Gem ɗin da ba za ka iya ba da aronsa ba, naka ne kuwa?

1/ Satin da ya wuce ɗan marigayi Yayana ya zo hutu wurina. Da zai koma gida ya ce, "Baffa, ara min gem ɗin nan da muke bugawa, in na gama zan dawo maka da shi." Har na buɗe baki zan ce ɗauka, sai na tuna babu abin ɗauka. Tun ranar abin ke cina a rai. Ku ɗan ba ni minti biyar. 🧵

2/ Gem ɗin fa kuɗina na sa na saya. Amma na'urata irin wadda ba ta da bakin faifai ce, komai a kantin intanet nake saya in sauke. Ko dai in miƙa wa yaro ɗan shekara 11 asusuna da lambar sirri da katin banki a maƙale, ko in ba shi haƙuri. Haƙurin na ba shi.

3/ Abin da ya sa ya yi min zafi shi ne, babansa ne ya koya min gem, kuma da aro ya koya min. PS3 ɗin Yaya 'yar gwanjo ce, faya-fayansa kusan duk na hannu ne. A layinmu faifan FIFA ɗaya sai ya kwana gida huɗu a sati. Wanda ya karce shi kuwa ya shiga uku.

4/ Na san wani zai ce, ai mu ɗura mana ake yi a kasuwa. Gaskiya ne, da yawa haka suke yi. Amma Yaya ba ya yarda a taɓa masa na'ura. Tsarinsa: ya sayi na hannu, mu gama, ya mayar wa mai shago, ya cika ɗan kuɗi ya karɓo wani. Da haka talaka yake buga gem ɗin masu kuɗi.

5/ To wannan tsarin ne aka kusa rufewa a 2013. Ƙananan cikinku ba za su tuna ba, bari in ba ku labari. Lokacin ina sakandare, kuma a wayar Yaya muke bin komai, ni ina leƙe ta bayan kafaɗarsa.

6/ Tun watan Afrilu ake raɗe-raɗin sabuwar Xbox ba za ta yi aiki ba sai da intanet. Wani ma'aikacin Microsoft, Adam Orth, ya fito Twitter ya ce masu ƙorafi su haƙura kawai, haka zamani yake. Aka yi masa ca. Cikin 'yan kwanaki ya bar aikin.

7/ Ranar 21 ga Mayu aka nuna Xbox One. Ranar 6 ga Yuni kamfanin ya fitar da dokokin a rubuce. Na farko: dole na'urar ta leƙa intanet sau ɗaya a kowane awa 24. In ba ta leƙa ba, gem ya tsaya, ko da kai kaɗai kake bugawa a ɗakinka, faifanka kuma yana ciki.

8/ Na biyu: faifai zai zama abin ɗura gem kawai, mallaka tana maƙale da asusunka. Sayar da na hannu sai a shagunan da aka amince da su, shi ma in kamfanin da ya yi gem ɗin ya yarda. Kyauta ga aboki sau ɗaya tak, kuma sai ya yi kwana 30 a jerin abokanka. Aro da haya kuwa aka ce ba yanzu ba.

9/ Na uku, wanda ya fi shafarmu: ƙasashe 21 aka lissafa da za a fara da su, babu ko ɗaya daga Afirka. Ka haɗa wannan da leƙen awa 24, ka tuna yanayin sabis da tsadar data a 2013, ka tuna wutar da ake ɗaukewa kwana biyu. Yaya ya ce, "Wannan ba da mu ake ba."

10/ Don Mattrick, shugaban ɓangaren Xbox a lokacin, ya ƙara wa wutar fetur. Aka tambaye shi game da marasa intanet, ya ce ai suna da na'urar da ta dace da su, Xbox 360. Wato ku zauna da tsohuwar. Ba mu kaɗai maganar ta ɓata wa rai ba, har sojojin Amurka da ke aiki a jiragen ruwa sun koka.

11/ Amma a yi adalci, ba mugunta zalla ba ce. In aka sayar da faifai na hannu, ko sisi ba ya komawa wurin waɗanda suka kwana suna haɗa gem ɗin. Shaguna irin GameStop ne ke kwashe ribar. Shi ya sa tun 2010 EA ta fito da lambar dala 10 ga mai faifan hannu da ke son bugawa a intanet.

12/ Kuma tsarin Microsoft yana da romonsa: ka buga gem ba tare da sa faifai ba, sannan mutum 10 na gidanku su iya shiga taskar gem ɗinka daga ko'ina. Sai dai duk romon nan yana bayan ƙofar da makullinta ke hannunsu.

13/ 'Yan gem ba su tsaya zagin Microsoft kaɗai ba. Suka juya kan Sony tun kafin ta faɗi nata tsarin, da #PS4NoDRM, suna aika wa manyan ma'aikatanta saƙo kai tsaye: kada ku bi wannan hanyar. Wannan dabarar ta burge ni. Tun ran gini ran zane.

14/ Sai ga taron E3 a Los Angeles, 10 ga Yuni. Da safe Microsoft ta ce dala 499. Da yamma Jack Tretton na Sony ya hau dandamali ya ce PS4 ba ta da sabon takunkumi kan faifan hannu, ba ta buƙatar leƙen intanet, sannan Sony ta sanar cewa dala 399 ce. Zauren ya kaure da tafi.

15/ Suka biyo da bidiyo na daƙiƙa 22 kan yadda ake ba da aron gem a PS4. Shuhei Yoshida ya miƙa wa Adam Boyes faifai, shi kuma ya ce na gode. Shi ke nan. Washegari bidiyon ya zaga layinmu ta Bluetooth. Wallahi Yaya dariya ya yi har da hawaye.

16/ Ranar 19 ga Yuni, kwana 13 bayan fitar da dokokin, Microsoft ta janye. An cire leƙen awa 24, an bar faifai yadda yake, ka ara, ka sayar, ka kyautar, an cire shingen ƙasa. Rabon mutum 10 ma ya tafi tare da su. 'Yan gem suka raɗa mata Xbox 180. Farkon Yuli Mattrick ya koma Zynga.

17/ Tabon bai goge ba. Na'urorin biyu sun fito a Nuwamba 2013, kuma PS4 ta sayu sama da miliyan 117, fiye da ninkin Xbox One. Ba dokokin nan kaɗai suka jawo ba, tazarar dala 100 ma ta yi aiki. Amma kowa ya ga cewa ihu yana tasiri in ya haɗu da riƙe aljihu.

18/ A daren da suka janye Yaya ya gaya min wata magana da na ɗauka ta manya ce kawai. Ya ce, "Ƙanina, abin da ba za ka iya bayarwa kyauta ba, ba naka ba ne. Ajiya aka ba ka." Na ce to, na ci gaba da buga ƙwallona.

19/ Yanzu ga inda nake jin kunya. Mun ci wancan yaƙin, sannan muka kai makaman da hannunmu. A 2019 Xbox One S marar bakin faifai ta fito. A 2020 ga Xbox Series S, ga PS5 Digital, daga kamfanin da ya yi bidiyon daƙiƙa 22 ɗin. A 2024 PS5 Pro ta zo a dala 699, bakin faifai sai ka saya daban.

20/ Babu wanda ya sa min wuƙa a wuya. Na ga marar faifai ta fi araha na saya. Na ga rangwame na danna. Na ji daɗin saukewa da datar dare ba sai na shiga kasuwa cikin rana ba. Dokar da muka ƙi a 2013, ita na sa wa hannu da kaina, ina murna. Araha ba ta ado.

21/ Kada kuma a ce faifai ne maganin komai. The Crew na Ubisoft ya fito a 2014. Ranar 31 ga Maris 2024 aka kashe manyan kwamfutocin da yake dogara da su, gem ya mutu gaba ɗaya. Mai faifai da mai saukewa duk jirgi ɗaya ya kwashe su.

22/ Nintendo ta rufe kantin 3DS da Wii U a Maris 2023. A Switch 2 kuma ta kawo wani kati da babu gem a cikinsa, makulli ne kawai: za ka iya ara shi ko ka sayar, amma sai an sauke gem ɗin daga intanet tukuna. Ka ga ranar da aka daina ba da saukewar, katin ya zama abin wasan yara.

23/ Duk da haka mutane ba su yi shiru ba. A 2021 Sony ta ce za ta rufe kantin PS3 da Vita, aka yi ca, ta fasa. Bayan The Crew, Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games, takardar kokensu a Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan 1 a 2025.

24/ Jihar Kalifoniya ma ta yi doka da ta fara aiki a 2025: in lasisi kake ba mutum, ba za ka rubuta "saya" ka yi shiru ba, sai ka gaya masa a fili. Wato maganar Yaya ce ta zama doka. Ajiya ce, a faɗa wa mutane ajiya ce.

25/ Ranar Asabar na je gidan Umma. Na ce, "Umma, kwalin Yaya na gem yana nan?" Ta ce yana ƙarƙashin gado inda ya bar shi, ita ba ta iya buɗewa. Na jawo, na karkaɗe ƙura, na jona. Ba intanet, ba lambar sirri, ba wanda na nemi izininsa. Ta tashi.

26/ A cikin murfin faifan FIFA na ga 'yar takarda da rubutunsa: sunayen 'yan layinmu da suka ara, da ranar da kowa ya dawo da shi. Sunana ne na ƙarshe, kuma gabansa babu rana. Ashe ban taɓa mayar masa ba, shi ya ɗauko abinsa a ɗakina bai ce komai ba. Nan na zauna a ƙasa.

27/ Jiya na kai wa yaron kwalin gaba ɗaya. Ya ce, "Baffa, yaushe zan dawo da su?" Na ce ba aro ba ne, na babanka ne, naka ne. Ni da nake da gem sama da 40 a asusuna, ban da guda ɗaya da zan iya faɗa wa wannan maganar a kansa.

28/ Ba na ce kowa ya daina saukewa ba, ni ma ban daina ba. Amma na'urata ta gaba da bakin faifai zan saya ko ta fi tsada, kuma gem ɗin da nake so har zuciya a faifai zan neme shi. Kafin ka danna "saya", tambayi kanka: in ƙanina ya ce ara min, me zan miƙa masa?

29/ Ku fa, wane faifai ne kuka ara har yau ba ku mayar ba? Ku faɗi gaskiya, mai shi wataƙila yana nan yana karantawa. 😅 Wanda ya kai ƙarshe kuma ya sa Yayana a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.