Daga Vijayawada Zuwa Bhimavaram, Ƙasar Masu Kiwon Jatan Lande

Jirgin ƙasan da na hau daga Vijayawada zuwa Bhimavaram, a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, yana wuce Gudivada gonakin shinkafa suka fara ja da baya, kandamai suka maye gurbinsu hagu da dama. Wajen Akividu, kusa da tafkin Kolleru, kusan kowane kandami da fankoki a kansa suna dukan ruwa har yana kumfa don ƙara masa iska. Jihar nan ce ke samar da mafi yawan jatan landen da Indiya ke kiwatawa, musamman tun 2009 da aka ba da izinin kiwon farin nau'in nan na vannamei. Abin da na gani a hanyar ya tabbatar mini cewa ribar sana'ar tana ga wanda ya san halin ruwansa da asuba. Da rana gansakuka na zuba iskar oksijin a ruwa, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi, tare da jatan landen da ƙwayoyin da ke ruɓar da dagwalon ƙasa. Kafin gari ya waye iskar ta yi ƙasa, kuma in ta gaza miligiram 4 a lita, dabbar takan rage ci. Abincin da ta bari sai ya ruɓe ya zama amoniya, wadda dafinta ke ƙaruwa in ma'aunin pH ya haura 8.5.

Za a ce fanka na shan wuta da dizal, kuma ware kandami guda don tace ruwa asarar fili ce ga ƙaramin manomi. Kukan na da tushe, amma abinci ne ke cinye kusan rabin kuɗin kiwon ko fiye, kuma buhun da aka watsa a ruwan da ba iska kuɗi ne aka binne a laka. Wasu kan ce a riƙa sauya ruwa daga magudana kawai. Ai magudanar nan ita maƙwabci ke zubar da nasa dagwalon a ciki, kuma ruwa na cikin hanyoyin da cutar farin tabo ke bi, wadda ta durƙusar da gonakin gaɓar tekun jihar nan a 1994. Shanya ƙasan kandami har ta tsattsage, zuba farar ƙasa, da duba farantin abinci kafin a ƙara wani, duk ba su kai kuɗin buhunan da ake asara ba. Manomin da ke shirin ƙara yawan 'ya'yan jatan lande, ya fara sayen ma'aunin oksijin tukuna.